Mai Jiri A Jirgin Ruwa Ya Guji Madubi Mai Babbar Lamba

Duk wanda ya shiga kanti neman madubin hangen nesa, irin mai ido biyun nan da ake ratayawa a wuya, abin da mai kanti zai fara nuna masa shi ne lambar da aka rubuta a jikinsa. Zai ɗauko wani ya ce wannan yana jawo abu ninki ashirin, ya ɗauko wani mai ɗan abin murɗawa ya ce wannan kuwa daga goma har talatin yake zuwa, sa'an nan ya kai mai saye bakin ƙofa ya nuna masa hasumiyar masallaci ko wani allon talla can nesa. Mai saye ya ga rubutu ya matso har gaban hancinsa, ya yi mamaki, ya biya. A kan tudu wannan ciniki ba shi da babbar illa, iyakarta an sayi abin da bai kai kuɗinsa ba. Amma idan nufin mai saye ya shiga jirgin ruwa da madubin ne, balle a ce yana cikin mutanen da jiri da tashin zuciya ke kamawa da zarar jirgi ya bar gaɓa, to, lalle ya sayo wa kansa wahala da kuɗinsa.

A kan ruwa ƙaramar lamba ta fi babba amfani, kuma ninki bakwai shi ne kusan iyakar abin da hannun mutum ke iya riƙewa cikin jirgi mai tangaɗi. Matuƙan jiragen teku da sojojin ruwa na ƙasashe da yawa sun daɗe da tsayawa a kan madubin da aka rubuta wa 7x50, alhali kuwa ba kuɗin sayen mai ƙarfi suka rasa ba. Ya kamata jama'a su san dalilinsu, musamman ma'aikatan da ke sintiri da ceto a kan koguna da tafkunan ƙasar nan, da kuma manyan da ke sa hannu a takardar sayo musu kayan aiki.

Lambobin nan biyu ma'anarsu a fili take. Ta farko tana faɗin yawan ninkin kusantarwa, watau da madubi mai lamba 7 abin da ke nisan mita 700 zai zama kamar yana mita 100. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne da ma'aunin milimita, shi ne ƙofar da haske ke shiga. Abin da mai kanti ba ya faɗi shi ne, madubi ba ya zaɓen abin da zai ninka. Yadda ya ninka girman kwale-kwalen da ake hange, haka zai ninka rawar hannun mai riƙe da shi, da jijjigar inji, da tangaɗin jirgi. Jirgi ya karkata da digiri ɗaya tak, mai madubin ninki bakwai zai ga duniya ta goce da digiri bakwai, mai ninki ashirin kuwa da digiri ashirin. Bugu da ƙari, gwargwadon ƙaruwar lamba gwargwadon ƙuntatar filin da ake gani. Madubi 7x50 na kirki yakan nuna fili mai faɗin mita 120 zuwa 130 a nisan kilomita ɗaya, amma mai ninki ashirin yawanci bai wuce mita 60 ba. Saboda haka abin da ake nema yana shiga fili yana fita, ana farautarsa da ido, ga fili ƙanƙane, ga shi kuma yana tsalle.

Wannan tsalle shi ne tushen ciwon. Domin a gane haka sai an koma ga kunne, gama jirin tafiya daga kunne yake farawa ko da yake a ciki yake ƙarewa. Can cikin kunnen ɗan Adam Allah ya halicci waɗansu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da kuma waɗansu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyi kamar yashi. Aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa duk wani juyi da kai ya yi, da duk wani hawa ko sauka. Ido shi ma yana kai nasa rahoton, gaɓoɓin jiki suna kai nasu. Muddin rahotannin nan sun yi daidai da abin da ƙwaƙwalwa ta saba, lafiya lau. Idan suka saɓa, kunne ya ce ana lilo, ido ya ce a tsaye ake, ko kuma ido ya ce ana juyi ninki ashirin na abin da kunne ya ji, sai hamma ta fara, yawu ya taru a baki, zufa mai sanyi ta karyo, daga nan sai amai. Wannan bayani na saɓanin rahotanni shi ne wanda masana biyu, Reason da Brand, suka shimfiɗa cikin littafinsu na 1975, kuma har yau shi ne mafi karɓuwa wurin likitoci.

Akwai shaida mai ban sha'awa a kan cewa kunne ne mafari. Tsakanin 1958 da 1968 rundunar sojan ruwan Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar sun yi gwaje-gwaje da kurame goma sha ɗaya daga Kwalejin Gallaudet, waɗanda galibinsu ciwon sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. An juya su cikin injuna, an zaunar da su kwanaki cikin ɗaki mai kewayawa, jiri bai kama su ba. Aka shiga da su jirgi a gaɓar Kanada cikin teku mai hauka, su suna ta wasan karta abinsu, masu binciken da suka kawo su kuwa amai ya kwantar da su har aka dakatar da gwajin. Ashe mai jiri a jirgi ba rago ba ne, kunnensa ne ke aiki. Nelson, jarumin sojan ruwan Ingila da aka kashe a yaƙi cikin 1805, ya yi ta fama da wannan ciwo duk tsawon aikinsa, haka kuma Darwin cikin tafiyarsa ta shekara biyar daga 1831 zuwa 1836. Alhazan da suka yi tafiyar ƙasa a zamanin da, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, su ma sun san abin da ake nufi.

To, ina madubi ya shigo? Akwai wata yarjejeniya tsakanin kunne da ido wadda mutum ba ya ma sanin tana aiki. Kai ya juya dama kaɗan, nan take kunne ya umarci ido ya juya hagu daidai wannan gwargwado, don abin da ake kallo ya zauna wuri ɗaya. Shi ya sa mutum ke iya karanta allo yana tafe. Da an ɗora madubi a ido wannan lissafi ya rushe, gama kai ya motsa da digiri ɗaya, ido ya gyara digiri ɗaya, hoto kuwa ya gudu da bakwai ko ashirin. Har wa yau madubi yana rufe gefen ido, ya ɓoye wa mutum layin nan da sama ta taɓa ruwa, wanda shi ne abu guda tsayayye da ƙwaƙwalwa ke dogara da shi a cikin jirgi. Watau kowane madubi, komai kyansa, yana tsokanar jiri. Bambancin kawai shi ne mai ninki bakwai yana ba da damar a ga abin da ake nema a sauke kafin ciki ya juya, mai ninki ashirin kuwa yana tilasta a daɗe ana lalube, kuma daɗewar ita ce ke kayar da mutum.

Wani zai ce ai wannan maganar teku ce, kogin Kwara da Binuwai ba su da irin waɗannan raƙuman ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Binciken da O'Hanlon da McCauley suka buga cikin 1974 ya nuna cewa hawa da saukar da ta fi tayar da zuciya ita ce mai maimaituwa kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa shida, irin lilon teku ke nan, kuma igiyar kogi takan fi haka gajarta. Amma tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar cikin 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma duk wanda iskar hadari ta riska a tsakiyarsa da damina ya san ruwan daɗi ma yana da nasa fushin. Ga kuma ruwayen Legas da bakin teku. Sa'an nan ƙaramin jirgi mai inji a baya, ko a ruwa kwance, jijjigarsa da tsallensa sun isa su hana babban madubi zama.

Lamba ta biyu ma tana da nata aikin, kuma nan ne hikimar 7x50 ta fi fitowa. Idan aka raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fita ta gilashin baya ya shiga ido. A raba 50 da 7, an sami milimita 7 da ɗoriya. A raba 50 da 20, an sami milimita 2 da rabi kacal. Mai shakka ya miƙa hannu da madubin wajen sama mai haske, ya dubi gilashin baya daga nesa, zai ga ɗan da'irar haske a tsakiya, to, ita ce. Ƙofar ƙwayar idon saurayi takan buɗe har wajen milimita 7 cikin duhu, saboda haka da asuba ko bayan faɗuwar rana madubi 7x50 yana cika ido da haske, mai ninki ashirin kuwa yana dusashewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Masu sayar da ƙananan madubai sukan kawo wata hujja a nan, kuma ba a banza suke faɗi ba. Ƙofar idon dattijo ɗan shekara hamsin ko sittin ba ta cika wuce milimita 5 ba, da rana tsaka kuwa ta kowa takan tsuke zuwa 2 ko 3, don haka, in ji su, sauran hasken asara ne, ga nauyi a wuya, domin 7x50 yakan kai kilo guda ko fiye. Wannan lissafi daidai ne ga wanda ke zaune a kujera bisa tudu. Cikin jirgi kuwa madubi ba ya zama daidai saitin ido, yana gocewa sama da ƙasa da kowace igiya. Idan hasken da ke fitowa siriri ne, da ya goce sai ido ya ga baƙi, ya dawo ya ga haske, ya sake ganin baƙi, kuma wannan ƙyaftawa kaɗai ta isa ta jawo ciwon kai. Idan mai kauri ne, ido yana nan cikinsa ko madubi ya motsa. Wanda tafiyarsa ta rana ce kawai, kuma nauyi ya dame shi, yana iya sauka zuwa 7x35 ko 6x30, ko ma 8x42 idan ruwan mai kwanciya ne. Abin da bai kamata ya kusanta ba shi ne ɗan ƙaramin nan na aljihu mai lamba 10x25, wanda ya haɗa illa biyu, yawan rawa da sirantar haske.

Akwai kuma iyakar da Allah ya sa wa gani a kan ruwa wadda babu gilashin da zai ƙetare ta. Saboda lanƙwasar duniya, mutumin da idonsa ke mita 2 bisa ruwa ba ya ganin fuskar ruwa fiye da nisan kilomita 5, wanda ke zaune cikin kwale-kwale, idonsa mita guda bisa ruwa, nasa bai fi kilomita 3 da rabi ba. Abin da ke kwance a ruwa bayan wannan nisa ya ɓuya, ko da madubin ninki ɗari ne. Da hunturu kuwa hazo ke rufe kogi, da bazara turirin zafi ke rawa a bisansa, kuma babban madubi hazon da turirin yake ƙara girmamawa. Mai saye yana biyan kuɗin nisan da ba zai taɓa gani ba.

Wani abin da ya fi lamba haɗari, domin ba a rubuta shi a jiki, shi ne saɓanin saiti tsakanin bututun dama da na hagu. Madubi mai ido biyu madubai biyu ne aka haɗa, kuma tilas su dubi wuri ɗaya daidai wa daida. Idan ɗaya ya ɗan ɗaga sama ɗaya ya sunkuya, jijiyoyin ido za su yi ta kokawar haɗa hotuna biyu su zama ɗaya, kuma idon mutum bai iya jure saɓanin sama da ƙasa ba ko kaɗan. Cikin 'yan mintoci sai ciwon kai da tashin zuciya, ko da a kan tudu ne. Mutane da yawa da ke cewa madubi ba ya karɓarsu, karkataccen madubi ne suka gamu da shi. Masu araha sukan fito daga masana'anta a haka, masu tsada ma sukan karkace idan sun faɗi, masu abin murɗawar nan na ƙara ninki kuwa sun fi kowanne saurin lalacewa saboda yawan sassan da ke motsi a cikinsu. Gwajin ba shi da wuya. A saita madubin a kan wani miƙaƙƙen layi mai nisa, kamar wayar lantarki ko bakin rufin kwano, sa'an nan a janye shi daga fuska kamar tsawon tafin hannu, idanu biyu a buɗe. Idan layin ya zarce daga da'irar hagu zuwa ta dama ba tare da ya karye ba, saiti ya yi. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, a ajiye wa mai kanti kayansa komai rangwamen da ya yi.

Tun da an riga an miƙa hannu da madubin, sai a ƙara duban 'yan da'irorin hasken nan. Idan sun fito zagaye sumul, gilasan da ke ciki masu juya hoto na kirki ne, idan kuwa gefensu ya yi toka-toka kamar mai kusurwa huɗu, an yi tsimi a ciki. Madubin da gilashin gabansa ke ƙyalli ja wur, wanda ake cika yi wa kirari da cewa yana gani da dare, ba ya gani da dare. Jan shafen yana mayar da wani kaso na haske ne waje, hoto ya fito da duhu da launin kore. Araha dai ba ta ado.

Na ruwa na gaskiya yana da waɗansu siffofi da ya kyautu a nema. A like yake, an cika cikinsa da iskar naitirojin don kada raɓa ta taru a gilashi, an lulluɓe jikinsa da roba don kada ya zame daga jiƙaƙƙen hannu. Galibi kowane ido yana da nasa wurin saiti, a daidaita sau ɗaya, daga nan duk abin da ya wuce nisan mita 20 ko makamancin haka zai fito sarai ba sai an sake taɓawa ba. Ga mai jiri wannan alheri ne babba, domin murɗa saiti ana cikin tangaɗi yana ƙara daƙiƙun da ido ke kulle. Mai sa tabarau ya tabbata yana ganin filin duka da tabaransa a fuska, kuma kowa ya lanƙwasa madubin har da'irori biyu su zama ɗaya, gwargwadon tazarar idanunsa. Igiyar wuya mai yawo a ruwa ba ta da tsada, ta kuwa fi nadama arha. Waɗansu suna da kamfas a ciki, abin amfani ga matuƙi, amma mai saurin jiri kada ya daɗe yana karanta lambobinsa masu lilo, kuma a tuna ƙarfen jirgi da inji suna karkatar da allurarsa.

Sauran magana ita ce ta madubai masu tsayar da hoto da kansu, gama su ne hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu son babbar lamba. Kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da mai lamba 20x60 cikin 1990, wanda ke aiki ba tare da batir ba, kamfanin Canon na Japan kuwa ya fara sayar da masu batir cikin 1995. Ana danna maɓalli sai rawar hoto ta lafa, kuma babu musu abin yana aiki. Da irinsu ana iya karanta sunan jirgi daga nisan da 7x50 ba zai iya ba. Amma akwai abin lura. Yawancin na Canon gyaran da suke yi bai wuce wajen digiri ɗaya ba, watau an yi su ne don rawar hannu, tangaɗin jirgi kuwa ya fi haka nesa. Irin na Fujinon mai lamba 14x40, wanda aka ƙera musamman don jirgi, yana gyara har wajen digiri biyar, sai dai nauyi gare shi, filinsa ƙunci, haskensa siriri, ga shi da cin batir. Da yawa daga cikin masu tsayar da hoton nan ba a like suke ba, ruwa na shigarsu. Kuɗinsu kuwa yakan fi na 7x50 mai kyau. Sa'an nan tsayar da hoto bai kashe saɓanin kunne da ido ba, ya dai sauya masa kama, domin yanzu ido na cewa a tsaye ake, kunne na cewa ana lilo, kuma waɗansu masu amfani da su sukan yi kukan cewa hoton yana shawagi a hankali ta hanyar da ke juya musu ciki. Wanda aikinsa ke bukatar tantance jirgi daga nesa, kamar jami'in kwastan ko ɗan sandan ruwa, ya cancanci a ba shi irin wannan a matsayin na biyu. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, mai jiri ne kuma, ya gwada a kan ruwa kafin ya biya, in ba zai samu gwadawa ba ya tsaya a kan bakwai.

Madubi mai kyau ma yana da ladabin riƙewa. Da ido tsirara ake neman abu, idan an gan shi sai a kafa masa ido a ɗago madubin zuwa fuska ba tare da an kawar da kai ba, a duba 'yan daƙiƙu, a sauke, a mayar da ido ga layin sama da ruwa ko ga gaɓa mai nisa. Share ruwa daga gabas zuwa yamma da madubi a ido, kamar yadda ake gani a majigi, hanya ce mafi sauri zuwa amai. A manne gwiwar hannu a ƙirji, a sassauta gwiwar ƙafa ta riƙa shanye motsi, kada a jingina hannu a bakin jirgi domin jijjigar inji ta nan take hawowa. Wurin zama mafi sauƙi shi ne tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, ana fuskantar gaba, nesa da hayaƙin inji. Da hamma ta fara ko yawu ya taru, a ajiye madubin nan da nan, gama idan amai ya riga ya zo sau da yawa sai an sauka kafin jiki ya dawo. Kada kuma a kuskura a dubi rana da shi, ko a bar yaro ya yi, domin makanta ce cikin ƙyaftawar ido.

Game da magani, akwai irin su hayosin, da sinarizin wanda ake sayarwa da sunan Stugeron, da wanda ake kira Dramamine. Dukkansu kafin a shiga jirgi ake shan su, kuma dukkansu suna iya kawo barci, don haka matuƙi da mai tsaron ido su yi hattara. Hayosin, har da wanda ake mannawa a bayan kunne, yana busar da baki, yana iya buɗe ƙofar ido ya dusashe gani, kuma haɗari ne ga masu wani nau'in ciwon hawan jinin ido. Wanda ya taɓa abin mannawar ya wanke hannu kafin ya taɓa idonsa ko gilashin madubi. Citta, wadda mutane suka saba taunawa, waɗansu gwaje-gwaje sun ga amfaninta waɗansu ba su gani ba. Shawarar likita ko mai haɗa magani ita ce gaba, musamman ga mai juna biyu da yara.

Mai karatu na iya cewa duk wannan hidimar masu yawon shaƙatawa ce. Ba haka abin yake ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tarwatse ɗauke da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kuwa kaɗan ne. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi cikin Jihar Kwara suna komowa daga biki da dare. Allah ya jiƙansu. Babu mai hankalin da zai ce madubi ne maganin irin wannan masifa, domin sanadinta sananne ne, watau lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare, da tsofaffin jirage, da kututturan itatuwa da ke ɓoye cikin ruwa, da rashin rigar ceto. Waɗannan su ne aikin farko da ke gaban Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa cikin 1997 da hedkwata a Lakwaja, tare da gwamnatocin jihohi da sarakunan ruwa. Amma idan abin ya riga ya auku, mai ceto da ido yake aiki. Kan mutum a cikin ruwa bai fi ƙwarya girma ba, yana ɓuya yana fitowa tsakanin igiyoyi, sau da yawa kuma ga magariba ta gabato. A wannan sa'a abin da ake bukata shi ne fili mai faɗi, da haske mai yawa, da mai dubawa wanda cikinsa bai juya ba. Dokokin duniya na hana karon jirage a teku, na 1972, sun wajabta wa kowane jirgi tsaron ido da kunne a kowane lokaci, kuma hikimar wannan doka ba ta ƙare a bakin teku ba. Ma'aikacin da amai ya durƙusar ya fita daga lissafin masu tsaro, alhali sunansa na nan cikin takardar aiki.

Saboda haka duk ma'aikatar da za ta sayo madubai don jiragen sintiri, ko na ceto, ko na masu kula da kamun kifi da gandun daji, ya kamata takardar kwangilarta ta faɗi abin da ake so dalla-dalla, kada a rubuta madubin hangen nesa kurum a bar ɗan kwangila ya zaɓa. Wanda aka bar wa zaɓi zai kawo mai babbar lamba da jan gilashi, domin shi ne mai arha a wurinsa, shi ne kuma mai burge jami'in da zai karɓi kaya a ofis yana leƙen tagar bene. A rubuta 7x50, a like, mai saitin kowane ido daban, da igiya mai yawo a ruwa, a kuma haramta mai abin murɗawa na ƙara ninki. Kafin a biya kuɗi a gwada saitin kowane ɗaya a kan miƙaƙƙen layi, a ɗauki waɗansu a ba ma'aikatan da za su yi aiki da su, cikinsu har da wanda aka san jirgi na juya masa ciki, su fita da su kan ruwa da magariba, inji na aiki, su nemo jarka da aka jefa a nisan rabin kilomita.